"Mun Riga Shi Zuwa Fa!" Tarihin Ɗakin Gaggawa Na Asibiti

Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Wani dare ƙanina ya faɗi a babur, gwiwa ta dare, tafin hannu duk ya saɓule. Muka kwashe shi sai imajensi. Wata nas ta zo ta maƙala masa abin awo a yatsa, ta auna jininsa, ta yi masa tambayoyi biyu uku, ta ɗaure ciwon da bandeji, ta ce mu zauna a benci. Muka zauna. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama hanya. Can sai ga wani dattijo an rako shi, da ƙafarsa ma ya tako, babbar rigarsa fes, ko ɗigon jini babu a jikinsa. Hannunsa dai na dafe da ƙirji, gumi na keto masa. Kafin ka ce kwabo an ɗora shi a gado an yi ciki da shi da gudu.

Raina ya ɓaci. Na miƙe na ce, "Sista, mun riga shi zuwa fa! Ko don shi mai babbar riga ne?" Ta dube ni ta ce, "Malam, ƙaninka zai kai safiya in sha Allahu. Baban nan in ya yi minti 20 a bencin nan, ba lallai ya kai ba." Ta wuce abinta.

Mu dai a banki, a gidan mai, a wajen karɓar katin zaɓe, doka ɗaya muka sani: wanda ya riga ka barci shi zai riga ka tashi. In ka ga an tsallake layi, to mai kuɗi ne ya zo ko mai hanya. Shi ya sa na yi mata mummunan zato. Ashe ɗakin gaggawa ba da wannan dokar yake aiki ba. Dokarsa ita ce wanda ya fi kusa da mutuwa shi ne a gaba. Wannan doka ta haura shekara 200, kuma a filin yaƙi aka haife ta. Tarihinta za mu bi yau.

To, mu tafi Turai, ƙarshen ƙarni na 18. A yaƙoƙin wancan zamani, in harsashi ya same ka, inda ka faɗi nan za ka kwanta har a tashi daga yaƙin. A rundunar Faransa ƙa'ida ce ma kekunan ɗaukar masu rauni su tsaya can baya, kimanin kilomita 4 daga inda ake fafatawa. Mutum kan yi kwana guda ko fiye yana zubar da jini a ƙasa kafin a zo kansa. In an zo ɗin ma, hafsoshi ake fara dubawa, sannan kurata, sojan abokan gaba kuwa sai in an ga dama.

A 1792 wani matashin likitan tiyata, Dominique Larrey, ana furta sunan Lare, ya shiga rundunar Faransa da ke yaƙi a bakin kogin Rhine. Shekarunsa 26 kacal. Ya lura da abu ɗaya: ana jan igwa da dawaki a guje, a kai ta duk inda ake so cikin mintuna. Sai ya ce, in za a iya kai abin kashe mutum da wannan saurin, me zai hana a kai abin ceton sa? Ya tsara kekunan doki marasa nauyi, ya zuba musu likitoci da kayan ɗaurin rauni, suna kutsawa fagen fama ana tsakiyar ɓarin wuta, su yi wa mutum abin da ya sawwaƙa nan take, su fito da shi. Aka sa musu suna ambulan masu tashi. Da Nafoliyon ya kai yaƙi Masar a 1798, inda keken doki ba ya tafiya a rairayi, Lare ya sa aka yi wasu akwatuna ana rataya su a gefen raƙumi, hagu da dama, ana kwantar da masu rauni a ciki. Kun ga ashe raƙumi ma ya taɓa zama ambulan.

Amma babban abin da Lare ya bari a duniya ba keke ba ne, ƙa'ida ce. Ya ce wanda rauninsa ya fi haɗari shi za a fara dubawa, ba ruwan likita da muƙami. Janar mai ƙujewa a hannu zai jira kurtun da jini ke tsiyaya daga cinyarsa. Ku tuna a rundunar soja ake wannan magana, inda komai da girma-girma ake yinsa. Har sojojin abokan gaba yakan yi wa magani. A yaƙin Borodino a Rasha, 1812, an ruwaito ya yanke gaɓoɓi wajen 200 cikin awa 24, kuma a lokacin babu allurar barci, don ba a fara tiyata da maganin sa barci a bainar jama'a ba sai 1846.

Alheri kuwa danƙo ne. A 1815, bayan an ci Faransa da yaƙi a Waterloo, sojojin Furusiya, wato wani yanki na Jamus ta yanzu, suka kama Lare za su harbe shi. Wani likitansu da ya taɓa zama a ajinsa ya gane shi. Aka kai shi gaban babban kwamandansu, Blucher, sai ga shi Lare ne ya taɓa ceton ran ɗansa lokacin da Faransawa suka kama shi da rauni. Aka sake shi.

Wannan aiki na ware marasa lafiya, likitoci na kiransa tiriyaj. Kalmar Faransanci ce, asalinta daga tsince kaya ne, irin yadda 'yan kasuwa ke ware gashin tumaki ko ƙwayar kofi, mai kyau gefe, na tsakiya gefe. Mu dai mu ce tantancewa. Kuma tana da ɓangare mai ɗaci. A 1846 wani likitan sojan ruwan Ingila, John Wilson, ya ƙara da cewa in masu rauni sun yi yawa, hannu ya yi kaɗan, a fara da waɗanda aikin zai cece su. Mai ƙaramin rauni ya jira, wanda kuma babu makawa zai tafi, kar a ƙarar da lokaci a kansa wasu su bi shi. Har yau haka ake yi in babban bala'i ya auku, kamar tashin bam ko kifewar babbar mota cike da mutane.

Yanzu za ku ce, tunda an gano wannan tun zamanin Nafoliyon, ai sai asibitocin gari su ɗauka. Ina! Sai da aka yi fiye da shekara 150 ana jan ƙafa. Gaskiya ne wani asibiti a Cincinnati ya fara ambulan a 1865, asibitin Bellevue na New York ya bi a 1869. Amma ɗakin karɓar masu haɗari shi ne wurin da aka fi rainawa a asibiti. Sau da yawa ɗan ɗaki ne a can baya, nas ɗaya, sai likita sabon fitowa daga makaranta. Manyan likitoci suna sama, ko suna gida sai an kira su. Wato mara lafiyar da ya fi kowa shiga haɗari shi ake haɗawa da likitan da ya fi kowa ƙarancin gogewa.

A Ingila, sai a 1952 aka naɗa babban likita na farko da aikinsa kacokan shi ne kula da wannan sashe. Sunansa Maurice Ellis, a babban asibitin Leeds, kuma kafin nan ya yi shekaru yana aikin likita a nan Najeriya zamanin Turawa. A 1962 wani kwamiti ƙarƙashin Harry Platt ya ba da shawarar a canza wa sashen suna zuwa na haɗurra da gaggawa, don mutane su daina cika shi da ƙananan larurori. Haruffan A&E da kuke gani a allon manyan asibitocinmu, daga can muka gado su.

A Amurka kuwa, a 1961 wani likita, James Mills, da abokansa uku suka rufe ofisoshinsu suka koma ɗakin gaggawa na asibitin Alexandria a jihar Virginia, suna karɓa-karɓa dare da rana. Abin ya zama sabo a lokacin. Sai a 1966 cibiyar kimiyya ta ƙasar ta fitar da wani rahoto da ya girgiza kowa. Rahoton ya ce a 1965 kaɗai haɗurra sun kashe mutum 107,000 a Amurka. Ya ce kusan rabin aikin ambulan na ƙasar, masu sana'ar binne gawa ne ke yinsa, saboda motarsu ce mai tsawon da mutum zai kwanta. Ku yi tunani, motar da za ta kai ka asibiti ita ce wadda za ta kai ka maƙabarta, kuma direban bai san yadda ake tsayar da jini ba. Rahoton ya kuma nuna cewa sojan da aka harba a fagen yaƙi ya fi wanda mota ta kaɗe a titin birni damar rayuwa, don shi soja akwai mai ba shi taimakon farko a gefensa, ga jirgi mai saukar ungulu, ga likitan tiyata na jira.

Daga nan abubuwa suka fara motsi. A 1967, a birnin Pittsburgh, aka kafa wata ƙungiyar ambulan mai suna Freedom House. Matasa baƙar fata ne daga unguwar talakawa, da yawansu ba su da aikin yi, unguwar da 'yan sanda ne ke jefa mara lafiya a bayan mota in an kira su. Wani likita, Peter Safar, wanda ya yi fice wajen koyar da hura wa mutum numfashi baki da baki, shi ya horar da su. Suna cikin mutanen farko a Amurka da suka fara yi wa mara lafiya magani na gaske tun a hanya kafin a isa asibiti. A 1975 hukumar birnin ta janye tallafi ta kafa nata, aka rufe su, amma tsarinsu ya bazu. A 1968 aka yi kiran farko a lambar 911, alhali Landan ta riga ta fara 999 tun 1937. A 1970 aka fara horar da likitocin gaggawa na musamman a Cincinnati, a 1979 aka amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa. Ku duba fa, 1979. Da yawa daga iyayenmu sun girmi wannan fanni.

Saura labari ɗaya, wanda shi ya tsara abin da likita ke yi da hannunsa a mintunan farko. A Fabrairun 1976, wani likitan ƙashi, James Styner, yana tuƙa ƙaramin jirginsa da iyalinsa a ciki, jirgin ya faɗi a wata gona a jihar Nebraska cikin dare da tsananin sanyi. Matarsa ta rasu nan take. Uku daga cikin 'ya'yansa huɗu suka samu munanan raunuka a ka. Shi ma da rauninsa, ya yi sa'o'i yana kula da su, daga baya ya fita titi ya tare mota. Da suka isa wani ƙaramin asibitin karkara, suka tarar da shi a kulle. Da aka buɗe, ya ga ma'aikatan ba su san ta inda za su fara ba. Bai tsaya a zagi ba. Ya ce in shi da ke cikin gona babu kayan aiki ya fi asibiti iya kula da yaran, to tsarin ne ke da matsala, kuma dole a gyara. Shi da abokansa suka tsara kwas, aka fara koyarwa a 1978, ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta karɓe shi a 1980, yau ana koyar da shi a ƙasashe masu yawa.

Darasin kwas ɗin mai sauƙi ne: fara da abin da zai fi saurin kashe mutum. Likitoci na ce masa ABC. Na farko hanyar iska, shin maƙogwaro a buɗe yake? Don ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in babu iska. Na biyu numfashi, huhu na aiki? Na uku jini, yana zagayawa, ko yana zuba a waje ko a ciki? In jini na feshi, shi ake fara dannewa. Bayan nan a duba hankalin mutum, sannan a buɗe jiki duka a nemi raunin da ya ɓuya. Shi ya sa za ka ga an kawo mutum ƙafa a karye, kashi a waje, dangi na ihu a duba ƙafa, likita kuwa yana leƙen bakinsa yana sauraron ƙirji. Ƙafar za ta iya jira. Maƙogwaron da ya toshe ba ya jira.

To yau in ka shiga ɗakin gaggawa mai tsari, ga yadda abin yake. Wanda zai fara ganinka yawanci nas ce mai tantancewa. Cikin 'yan mintuna za ta duba bugun zuciya, awon jini, saurin numfashi, zafin jiki, yawan iskar oksijin a jini, da ko kana cikin hayyacinka. Sai ta ba ka launi. A tsarin da aka ƙirƙiro a Manchester a shekarun 1990, ja na nufin yanzu-yanzu, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore awa 2, shuɗi awa 4. Afirka ta Kudu ma ta tsara nata mai launuka, wanda ya dace da asibitocin da ma'aikata suka yi ƙaranci. Mai ja, ɗakin farfaɗowa ake wucewa da shi, inda oksijin da ƙarin ruwa da na'urar tayar da zuciya suke. Kuma launi ba tambari ba ne, yana canzawa. Kore na iya komawa ja a kan benci.

Sannan ɗakin gaggawa mararraba ce, ba masauki ba. Aikinsa ya tsayar da mutum da ƙafarsa, sai a yanke shawara: a sallame shi, ko a ba shi gado, ko tiyata, ko ɗakin kulawa ta musamman, ko a tura shi asibitin da ya fi. In gadajen ciki sun cika, waɗanda aka gama da su ba su da inda za su, sai su toshe wurin, na waje su yi ta jira. Sau da yawa jiran da kake yi a ƙofa, asalinsa yana can cikin asibiti inda ba ka gani.

Wani zai ce ai wannan na masu kuɗi ne, mu ina muka ga kayan aiki? Ku ji abin da ya faru a Malawi. A babban asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre, yara kan bi layi ne kawai, wani yaron a bayan uwarsa zai cika kafin a zo kansa. Wajen 2001, Farfesa Elizabeth Molyneux da abokan aikinta suka sake tsarin: aka horar da ma'aikata su tantance yaro tun daga ƙofa, aka ware wurin farfaɗowa, aka gyara yadda mara lafiya ke bi daga shiga zuwa gado. Mace-macen yaran da aka kwantar ya sauko daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin 100, ya koma kashi 6 zuwa 8. Hukumar Lafiya ta Duniya na koyar da irin wannan tantancewar ta yara a ƙasashe da dama. A Ghana kuma, bayan turmutsutsun filin ƙwallo na Accra ranar 9 ga Mayu 2001, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, inda sama da mutum 120 suka rasu, aka kafa hukumar ambulan ta ƙasa a 2004.

A nan gida Najeriya, abin da ya fi tsaya wa ƙa'idar Lare a wuya abu biyu ne: "je ka biya tukuna" da "kawo takardar 'yan sanda". Ku sani doka ta yi magana a kan duka biyun. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuma tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga ta ce asibitin gwamnati ko na kuɗi ya karɓi mutum ya fara yi masa magani, da takardar 'yan sanda ko babu, ba tare da jiran kuɗin kafin alƙalami ba, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda daga baya. Kowa ya san abin da ke takarda daban, abin da ake gani a ƙofar asibiti daban. Akwai ranar da babu oksijin, babu jini, likita ɗaya na kan mutum 30. Amma wanda bai san haƙƙinsa ba, ko tambaya ba zai iya yi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ku riƙe waɗannan tun yanzu. Ku ajiye 112 a waya, lambar gaggawa ta ƙasa, da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra. Ku san asibiti mafi kusa da ku da ke buɗe cikin dare. In kun kai mara lafiya, ku fara faɗin abin da ya fi tsanani a taƙaice: ciwon ƙirji, numfashi na sarƙewa, jijjiga, jini ya ƙi tsayawa, baki ya karkace ko ɓarin jiki ya saki, mai ciki na zubar da jini, saran maciji. Ku faɗi lokacin da abin ya fara da magungunan da yake sha. In kuna jira kuka ga ya canza, ku koma wurin nas ku faɗa mata, wannan ba rashin kunya ba ne. Mutum ɗaya ko biyu su tsaya da shi, sauran dangi su ba ma'aikata wuri. Wanda ya faɗi a mota ko babur kuma, a kula da wuyansa wajen ɗagawa, kar a sungume shi kamar buhu.

Mu kuwa a daren nan, sai wajen ƙarfe 1 aka ɗinke gwiwar ƙanina, ɗinki 6, aka sallame mu. Da za mu fita na hango nas ɗin tana rubutu, na je na ce, "Sista, a yi haƙuri da maganar ɗazu." Ta yi murmushi ta ce, "Ba komai Malam, in an bar ka a benci ka gode wa Allah. Wanda muke gudu da shi ba ya son a yi gudun da shi."

Nan za mu dakata. Wanda ya taɓa kwana a imajensi, ko yana aiki a can, ya ba mu labarinsa a ƙasa, amma don Allah ban da kama sunan asibiti ko na ma'aikaci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu kwana a tsaye dominmu da alheri. Sai mun haɗu a shiri na gaba.